An Rufe Saboda Iska

Kashegarin Babbar Sallah ne, da la'asar sakaliya. Filin wasan yara ya cika maƙil, kowa da sabon ɗinki, masu alawa da masu ƙanƙara sai ciniki suke. A tsakiyar filin an kafa gidan tsallen nan na roba da ake hura wa iska, wanda 'yan birni ke kira bansin kasul. Yara wajen ashirin suna ciki, wasu sun yi layi da tikiti a hannu, iyaye na gefe riƙe da takalma. Sai na ga saurayin da ke kula da shi ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya sake dubawa, sannan ya shiga tafa hannu yana cewa kowa ya fito.

Wata mata da ta daɗe a layi da 'ya'yanta uku ta matso kusa da shi.

"Malam, lafiya? Mun biya kuɗinmu fa, tun ɗazu muke tsaye."

"Hajiya, ki yi haƙuri, hadari ne ya haɗo. In ya wuce su za su fara shiga."

"Wane irin hadari? Ko yayyafi ba a fara ba."

Da gaskiyarta, ba a fara ba. Inda muke tsaye ko ganyen darbejiya bai cika motsi ba, kuma a raina ina bayan Hajiya. Saurayin bai ƙara magana ba. Ya ci gaba da fito da yara ɗaya bayan ɗaya, masu kuka na yi, ya kashe injin hura iska, ginin robar ya kwanta a ƙasa kamar tabarma. Can bayan kamar minti goma iska ta iso. Ta kwashi ƙura da ledoji, ta kifar da kujerun roba, ta yaye rumfar mai sayar da lemo. Ba ta yi rubu'in awa ba ta lafa, hadarin ma ya tafi ya zuba a wani wuri. Muna karkaɗe kaya na ji wani dattijo yana cewa, "To ka gani, ba abin da ya faru."

Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Mai sakaci idan ya tsira ba wanda ya san ya yi sakaci. Mai hattara idan ya yi daidai, iyakar shaidar da zai iya nunawa ita ce ba abin da ya faru, kuma da ita ɗin ce ake kama shi da laifin ɓata wa mutane Sallah.

Irin wannan gardama ba a ƙananan filayenmu kaɗai ake yin ta ba. A garin Blackpool da ke bakin teku a arewa maso yammacin Ingila akwai wani shahararren filin wasanni, cikinsa da wani jirgin wasa mai hawa da gangara da ake kira The Big One. An buɗe shi a 1994, tsayinsa ya haura mita 60, kuma yana tsaye ne yana fuskantar tekun da ke tsakanin Ingila da Ayalan, ba dutse ba gini da zai tare masa iska. Mutum zai yi tafiyar awa uku a mota da iyalinsa, ya biya kuɗin shiga, ya iso ya tarar da allo an rubuta an dakatar saboda iska, alhali ga rana ta fito fes. A watan Afrilu na 2023 iska ta taso farat ɗaya jirgin na cikin hawa, aka tsayar da shi can sama, ma'aikata suka riƙa sauko da mutane da ƙafa ta matakalar da ke gefen titin ƙarfen. Haka abin yake a Cedar Point da ke jihar Ohio a Amurka, filin da aka kafa tun 1870 a kan wani zirin ƙasa da ya shige cikin tafkin Erie. Ruwa ya kewaye shi kusan ta ko'ina, saboda haka iska ba baƙuwa ba ce a can.

Abin da mai layi bai gani ba shi ne iskar da yake ji a fuskarsa ba ita ake aunawa ba. A ƙasa gidaje da bishiyoyi da shaguna suna karya mata gudu. Da zarar an yi sama babu mai tare ta. Duk wanda ya taɓa hawa rufin bene ya gyara eriya ko tankin ruwa ya san wannan: a tsakar gida shanya ko motsi ba ta yi, a sama kuwa rigarka kamar za a tuɓe maka ita. To ina ga mita 60, ko mita 90? Shi ya sa a ƙololuwar irin waɗannan na'urori ake kafa ma'aunin iska, wani ɗan abu mai kofuna uku da ke juyawa, yana aiko da lamba zuwa ɗakin mai tuƙi. Mai tuƙin ba sararin sama yake kallo ba, lambar yake kallo.

Ita kuma lambar tana da yaudara idan ba ka san lissafinta ba. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin turinta sau huɗu yake ninkawa. Idan ya ninka sau uku, turin ya zama sau tara. Iskar da ke gudun kilomita 38 a awa tana tura kowace murabba'in mita ta bango da nauyin da ya kai kusan kilo 7. Ka ɗauki gefen gidan tsalle mai tsawon mita 5 da tsayin mita 4, ka ga ana maganar kilo 140 ke nan. Iskar ta kai kilomita 76, turin ya zama kilo 560, fiye da buhun shinkafa mai kilo 50 guda goma sha ɗaya, a jikin abin da roba ce da iska. Hausawa da suka ce iska na wahalar da mai kayan kara, faɗin kayan suka duba da rashin nauyinsa, kuma duk lissafin injiniyoyi a wannan fage bai wuce nan ba. Sannan iska ba ta tafiya da gudu ɗaya. Takan yi laƙwas ta kuma bugo, kuma bugun nan na daƙiƙa uku ko biyar, wanda kan fi matsakaicin gudunta nesa ba kusa ba, shi ne ke ɓarna.

Kowace na'ura da inda iska ke kama ta. Lilon da ke ɗaga mutane sama a kujeru masu sarƙa, tsoronsa kada kujeru su karo da juna ko sarƙoƙi su harɗe. Don haka ne da aka kafa wani irinsa mai tsayin mita 92 a Cedar Point a 2011, aka rataye kujerun da sandunan ƙarfe a maimakon sarƙa, domin ya jure iskar da ta fi ƙarfi, duk da haka shi ma yana da iyakarsa. Ƙaton wilin nan na Landan da ake kira London Eye, mai tsayin mita 135 da ɗakuna 32, an rufe shi ranar 18 ga Fabrairu 2022 da guguwar da aka laƙaba wa suna Eunice ta afka wa Ingila, ranar da aka auna bugun iska na kilomita 196 a awa a wani tsibiri da ke kudancin ƙasar. Wannan ba ya buƙatar bayani, kowa ya ga guguwa ya san guguwa ce.

Wanda ke buƙatar bayani shi ne jirgin hawa da gangara, domin mutane da yawa suna zaton iska za ta hankaɗo shi ne daga kan titinsa. Ba ta iyawa cikin sauƙi, tayoyinsa sun rungume ƙarfen ta sama da gefe da ƙasa. Matsalar a wani wuri take. Yawancin waɗannan jirage ba su da inji a jikinsu. Sarƙa ce ke jan su zuwa kan tudun farko, ta sake su, daga nan har ƙarshen tafiya da guzurin wannan gangara ɗaya suke amfani, kamar yaron da ya gangaro da keke daga kan tudu ya ɗauke ƙafa daga feda. An lissafa guzurin ya ishe su haye kowane tudu na gaba da ɗan rara. Iskar da ke bugowa ta gaba tana cin wannan rarar. Idan da safe ne ana sanyi, giris ɗin tayoyi ya yi kauri, shi ma ya ci nasa. Idan taragon babu kowa a ciki, ya fi saurin gajiya, domin mara nauyi iska ta fi raina shi. Shi ya sa wajen gwaji akan zaunar da mutum-mutumin roba cike da ruwa a kujeru. Rarar ta ƙare, sai tarago ya kasa haye tudu, ya dawo da baya, ya yi ta kai da komo a kwari har ya tsaya cik.

Akwai masu ƙira da suka yarda tun farko cewa wata rana iska za ta yi nasara, suka shirya wa ranar. Top Thrill Dragster, wani jirgin da aka buɗe a Cedar Point a 2003, a zamanin da yake aiki yana harba tarago ne ya kai gudun kilomita 193 a awa cikin kusan daƙiƙa huɗu, ya haye hasumiya mai tsayin mita 128. Wani lokaci yakan kasa kaiwa ƙoli ya sulalo da baya. Ba a ɗauki hakan abin kunya ba. An jera birkin maganaɗisu a kan hanyar dawowa, yana tashi da kansa da zarar tarago ya wuce, ya tare shi a hankali idan ya dawo.

Tsayawar tarago a kwari ita kaɗai ba ta kashe kowa. Abin tsoro shi ne wanda ke biye da shi. Saboda haka ake yanka titin gida-gida, kwamfuta na lura da kowane yanki, kuma ƙa'idarta ɗaya ce: ba za ta bar tarago ya shiga yankin da na gabansa bai fita ba. Tsohuwar dabarar 'yan reluwe ce aka mayar ta zamani.

A nan ne labarin Alton Towers ya shigo, kuma ina ganin duk mai riƙe da amanar rayukan mutane ya kamata ya san shi. Filin wasanni ne babba a gundumar Staffordshire a Ingila. A 2013 suka buɗe wani jirgi mai suna The Smiler, mai juya mutum ƙasa a sama har sau 14. Ranar 2 ga Yuni 2015 ana iska mai ƙarfi. Littafin da kamfanin da ya ƙera jirgin ya bayar ya ce kada a yi aiki da shi idan iska ta wuce kimanin kilomita 55 a awa, amma daga baya aka shaida wa kotu cewa iskar ranar ta haura kilomita 70. Tsakanin 55 da 70 a kunne ba wani tazara ba ne. A lissafin da muka yi a baya kuwa, turin ya ƙaru da fiye da rabi.

Da rana aka samu 'yar tangarɗa, aka kira injiniyoyi. Ana cikin gyara aka ƙara tarago na biyar a kan huɗun da ke aiki, don layi ya yi sauri. Aka saki wani tarago babu kowa a ciki don gwaji. Iska ta tare shi, ya kasa haye wani lanƙwasa, ya tsaya a kwari. Aka saki na bayansa ɗauke da mutum 16. Kwamfuta ta yi abin da aka gina ta don shi, ta riƙe taragon mutanen a saman tudun farko ta hana shi gangarawa. Injiniyoyin suka ƙirga taragu, suka ga huɗun da suka sani, ba su da labarin na biyar. Suka yanke cewa na'urar ce ke ruɗu. Suka danne gargaɗinta da hannu, suka saki mutane. Taragon ya gangaro da cikakken gudu ya afka wa wanda ke tsaye. An ɗauki awanni kafin a gama ciro waɗanda suka maƙale. 'Yan mata biyu, ɗaya mai shekara 17 ɗaya mai 19, kowacce sai da aka yanke mata ƙafa.

Kamfanin da ke da filin, Merlin, ya amsa laifinsa, kuma a watan Satumba na 2016 kotu ta ci shi tarar fam miliyan 5. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a hukuncin shi ne alƙali bai yarda a jibge laifin a kan ma'aikatan da suka danna maɓalli ba. Ya mayar da shi kan kamfanin, wanda bai shimfiɗa musu tsari ba, bai kuma horar da su yadda za su tabbatar titi babu komai kafin su ƙaryata na'ura ba.

Ka duba sau nawa aka yi magana a ranar nan kafin jini ya zuba. Littafi ya yi magana, da lamba ƙarara. Taragon gwaji ya yi magana, tunda don a ji ta bakinsa aka sake shi. Kwamfuta ta yi magana. Ba wanda ya yi niyyar cutar da kowa. Mutane ne masu son aiki ya tafi, ga layi ya yi tsawo, ga na'ura da ta saba yin ƙorafi a kan ƙananan abubuwa. Wanda ya saba jin ƙararrawa tana kaɗawa a banza, ranar da ta kaɗa da gaskiya hannunsa ne zai riga tunaninsa zuwa wajen kashe ta. Mu ma mun san haka. Fitilar da ke kamawa a gaban direba ya liƙe ta da salatif. Fis ya ƙone sau biyu, a na uku a ɗaura masa waya mai kauri don ya daina damun mutane.

Abin da na fahimta daga allon nan na dakatarwa saboda iska shi ne amfanin iyakar da aka rubuta tun da wuri. Me ya sa mai ƙira ke sa lamba, bai ce a rufe idan iska ta yi yawa ba? Saboda "yawa" abu ne da ake ciniki a kansa, kuma ranar cinikin kowa na gefe ɗaya. Mai fili yana son kuɗi, ga shi ranar biki ce da ake samun na wata guda a yini ɗaya. Iyaye sun biya. Yara na kuka. Shi kansa ma'aikacin ba ya son a zage shi. A irin wannan taro babu mai magana da yawun iska. Lambar da aka rubuta a ofis ranar da babu layi, babu mai kuka, hankalin kowa a kwance, ita kaɗai ce ba ta jin kunyar kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma lambar rahama ce ga ƙaramin ma'aikaci, domin ta sauke masa nauyin gardama: ba ra'ayinsa ba ne da za a lallashe shi ya canza, abin da aka rubuta ne.

Na ga irin wannan a wajen mutanen da ba su taɓa ganin ma'aunin iska ba. Akwai direban da ya yanke wa kansa ba ya tuƙi bayan isha'i, ko nawa za a ba shi. Akwai mai kwale-kwalen da ya san adadin da jirginsa ke ɗauka, ranar kasuwa ma ba ya ƙara mutum ɗaya, ko da surukinsa ne. Mutane kan ce suna da taurin kai. Ni ina ganin sun san kansu ne, sun san idan suka bar ƙofar ciniki a buɗe wata rana za a rinjaye su. Waɗanda kuma suka tuna 11 ga Satumba 2015, ranar da iska mai ƙarfi ta kayar da ƙugiyar gini a Masallacin Harami ana shirin aikin Hajji, mutum sama da 100 suka rasu, sun san dogon ƙarfe da iska ba abin da ake bari sai an ga yadda hali ya yi ba ne.

Manyan jiragen nan dai suna da injiniyoyi da kwamfuta da masu bincike. Abin da ya fi kusa da 'ya'yanmu, wanda ake haya ranar bikin zagayowar haihuwa da walimar makaranta da Sallah, shi ne gidan tsalle, kuma shi ne iska ta fi samu da arha. Hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta Birtaniya ta sa masa ƙa'idoji masu sauƙin riƙewa. Kada a yi amfani da shi a waje idan iska ta wuce kilomita 38 a awa, wato lokacin da za ka ga ƙananan bishiyoyi masu ganye sun fara rangaji. A ɗaure shi a wuri shida aƙalla, kuma duk maɗaurin da aka yi masa a yi amfani da shi. Turakun su zama na ƙarfe, tsawonsu ya kai santimita 38, kaurinsu milimita 16. A auna iskar a wurin da ma'auni na hannu, kada a dogara da hasashen da ke cikin waya, domin waya ba ta san abin da ke faruwa a wannan fili a wannan minti ba.

Ba a banza aka tsaurara ba. A watan Maris na 2016, a garin Harlow da ke Ingila, iska ta tsinke wani gidan tsalle da yarinya 'yar shekara 7 a ciki, ta yi ta mirgina shi har wajen mita 300. Yarinyar ta rasu. An riga an yi gargaɗin iska a ranar. Mata da mijin da ke kula da shi, kotu ta same su da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, a 2018 aka ɗaure kowannensu shekara uku. A shari'ar an ji cewa sun riga sun yi niyyar sauke shi, sai suka ce bari yaran da ke ciki su ƙarasa lokacinsu. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin ba mugunta ba ce, kirki ne. Wa zai so ya katse wa yaro wasan da ya biya? "Bari su ƙarasa" magana ce da ni ma zan iya faɗa, kuma ita ce Hajiya ke roƙo a filin Sallah. A watan Janairu na 2022 irin haka ta sake faruwa a Mislata kusa da Balansiya a ƙasar Sifen, yara mata biyu suka rasu.

Ba zan ce duk wanda ya bi ƙa'ida ya gama da iska ba. Ranar 16 ga Disamba 2021, a wata firamare da ke garin Devonport a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya, ana bikin ƙarshen shekarar karatu, rana ce mai kyau, iska kwance. Sai ga 'yar guguwa irin mai murɗawar nan da muke gani da rani tana tafe da ƙura da kara. Ta ɗaga gidan tsalle sama kimanin mita 10. Yara shida suka rasu. An gurfanar da mai kayan, aka nuna cewa wuri huɗu ta ɗaure cikin takwas, amma a watan Yuni na 2025 kotu ta sallame ta, bisa hujjar cewa guguwar ba abin da za a iya hangowa ba ce, kuma ƙarfinta ya wuce abin da ƙarin turaku zai riƙe. Iyayen yaran ba su ji daɗin hukuncin ba, kuma ba mai ganin laifinsu. Akwai abin da ya fi ƙarfin dabarar ɗan Adam, mu da muka yi imani da ƙaddara ba ma musun wannan. Sai dai bai halatta a ɗauki labarin Tasmaniya a lulluɓe na Harlow da shi ba. Ɗaya guguwa ce da ta faɗo babu sallama, ɗaya kuwa iska ce da aka yi shelar zuwanta tun da safe. Mu da aka koya wa ɗaure raƙumi kafin tawakkali, idan muka ce "tsautsayi ne" a kan abin da aka bar turakunsa a cikin buhu, mun yi wa kalmar ƙarya.

A wajenmu abin da na fi gani shi ne a kafa gidan tsalle a kan siminti ko kwalta inda turke ba ya shiga, a ɗaura igiya biyu a jikin bulo ko tsohuwar taya, sauran maɗauran suna reto. Bulo ɗaya nawa ne nauyinsa a gaban kilo 140, balle 560? Inda turke ba ya shiga, nauyi mai yawa ake sa wa kowane maɗauri, ko a ɗaure a jikin abin da ba ya motsi. Uba ko uwa ba sa buƙatar karatun injiniya kafin su zagaya bayan abin su ƙirga igiyoyi, su tambayi mai shi, "Malam, wannan fa me ya sa ba a ɗaure ba?" Makarantar da ta yi haya ita ma tana da ikon cewa ba za a hura ba sai an ɗaure duka. Shi kuma mai kayan, babban abin da zai yi wa yaron da ya bari a wurin shi ne ya gaya masa a gaban kowa cewa yana da ikon kashe inji duk lokacin da ya ga alama, kuma ba za a cire masa ko sisi daga kuɗinsa ba saboda tikitin da aka mayar.

Iskarmu kuma tana da hali nata. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa ne a ƙarshen bazara zuwa farkon damina, daidai lokacin da hadari ya fi zuwa da fushi, yana yaye kwanon gidaje yana karya turakun lantarki. Daga gabas yake tasowa, kuma iskarsa na riga ruwansa isowa. Wanda ke jiran yayyafi kafin ya yarda hadari ya zo, ya riga ya makara. Haka ta faru a bikin baje kolin jihar Indiyana a Amurka ranar 13 ga Agusta 2011: ana jiran mawaƙa su hau dandamali, ruwa bai sauko ba, iskar gaban hadari mai gudun kusan kilomita 95 a awa ta rusa rumfar ƙarfen a kan jama'a, mutum bakwai suka rasu.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne, kowace tsohuwa mai shanyar gero ta san su. Gabas ta yi baƙi, ƙasanta ya yi ja saboda ƙura. Zafi ya tsaya cak, iska ta ɗauke ɗif kamar an riƙe numfashi. Sai wata 'yar iska mai sanyi da ƙanshin ƙasa ta shafo fuska. Daga wannan sanyin zuwa bugun farko sau da yawa mintuna kaɗan ne.

Daga baya na zauna na lissafa abin da saurayin nan ya yi da mintunansa goma. Yaro ɗan shekara huɗu da ke tsakiyar tsalle ba ya fita don an ce ya fita. Sai an shiga an kamo hannunsa, wani sai an ɗauko shi yana shure-shure. Ƙofar ɗaya ce, kuma ba a kashe inji da sauran yaro a ciki, domin robar za ta rufto masa. Yara ashirin, kowanne a ba shi daƙiƙa goma sha biyar, minti biyar sun tafi. Sannan a kashe inji, a buɗe bakin fitar iska, a jira abin ya kwanta, wanda shi ma yana cin nasa mintunan. Lokacin da kujerar farko ta kife, bai fi minti biyu ba da robar ta gama kwanciya, yana durƙushe a kan kusurwarta ta gabas ya danne ta da gwiwa.